Kujerar Shugaban Ƙasa a Zauren Jami'a: Hujjar Kafa Cibiyar Nazarinta a Maraɗi

Tsakure

Daga 1960 zuwa yau mutum 11 ne suka riƙe shugabancin Nijar. Biyar daga cikinsu da juyin mulki suka hau, kuma ƙasar ta ga jamhuriya bakwai. Akasarin abin da ake faɗi da wanda ake rubutawa a kan wannan tarihi ya fi karkata ga mutanen da suka hau, ita kuwa kujerar da suka hau, da ikonta da iyakarta da yadda take aiki a kullum, nazarinta a warwatse yake. Wannan takarda ta duba yadda wasu jami'o'i a Amurka da Najeriya suka tsara irin wannan bincike, ta zayyana tambayoyin da tarihin Nijar ya bari ba amsa, sannan ta kawo hujjar cewa Maraɗi, tare da Tibiri da Jiratawa, wuri ne da ya dace a kafa cibiyar jami'a mai wannan aiki.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce sarki goma, zamani goma. Gaskiya ne, amma gadon da sarakunan goma suka zauna a kai ɗaya ne, kuma shi ne ya fi su daɗewa. A majalisun hira na Maraɗi, daga Zariya zuwa Bagalam, ba a rasa mai ba da labarin tsananin Seyni Kountché ko rijiyoyin Tandja Mamadou. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wa ke shiga wurin shugaba da safe? Wace takarda ke isa teburinsa, wace ce ake tarewa a hanya? Idan rahoton ƙarancin cimaka ya taso daga ƙauye, hannu nawa yake bi kafin ya kai fada, kuma da wace kama yake isa? Waɗannan tambayoyi ne na ilimi, suna da amsa, kuma amsarsu tana bakin mutanen da ke raye yanzu amma ba za su dawwama ba.

Matsayin wannan takarda shi ne cewa al'ummar da ba ta nazarin kujerar mulkinta a tsanake za ta riƙa maimaita rikici iri ɗaya da sababbin sunaye, kuma jami'a ce ta fi cancantar ɗaukar wannan nauyi, domin ba ta neman ƙuri'a, ba ta kuma neman muƙami.

2.0 Abin da ake yi a wasu wurare

A Amurka fitacciyar cibiya ta wannan fanni ita ce Cibiyar Miller ta Jami'ar Bajiniya, wadda aka kafa a 1975. Ayyukanta biyu ne suka shafe mu. Na farko shi ne tarihin baka: tun daga 1981, bayan saukar Jimmy Carter, masana kan zauna da tsofaffin ministoci da mashawarta da sauran ma'aikatan fada, yini guda ko biyu, suna tambaya ana naɗar murya. Ba a sakin hirar sai wanda aka yi da shi ya duba ya amince, kuma wannan alkawari ne ke sa mutum ya saki jiki ya faɗi abin da ba zai faɗa wa ɗan jarida ba. Na biyu shi ne shirin da ta fara a 1998 na rubuta maganganun da shugabanni, daga Franklin Roosevelt zuwa Richard Nixon, suka naɗa a asirce cikin fadar White House. Na Nixon kaɗai sun kai kimanin awa 3,700. A Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara kuma, John Woolley da Gerhard Peters sun fara tara jawabai da umarnin shugabannin ƙasar a intanet tun 1999, kowa na iya karantawa kyauta.

Duk wannan ya tsayu ne a kan doka. Bayan rikicin da aka yi kan faya-fayan Nixon, majalisar Amurka ta zartar da doka a 1978 cewa takardun shugaban ƙasa dukiyar al'umma ce, ba kayan gadonsa ba. Ana iya neman ganinsu shekara biyar bayan ya sauka, wasu kuma a tsare su har shekara 12. Da babu wannan doka, da masana sun rasa abin nazari.

A maƙwabciyarmu Najeriya salon ya bambanta. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin gidan Sardauna ne, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne daraktansa na farko. Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Su biyun sun yi aiki mai albarka wajen adana takardu da tara masana, kuma sun nuna cewa jami'a a ƙasar Hausa na iya riƙe irin wannan amana. Sai dai an gina su a kan tarihin wani gwarzo ne. A ɗaya gefen akwai ɗakin karatu na Olusegun Obasanjo a Abeokuta, wanda aka buɗe a 2017. Ba na jami'ar gwamnati ba ne, kuma tara kuɗinsa da aka yi a 2005, mai shi yana kan mulki, ya jawo suka mai yawa. Darasin a fili yake: cibiyar da mai mulki ya gina wa kansa, ko da ta tara kayan tarihi masu daraja, da wuya jama'a su karɓi hukuncinta a kansa.

3.0 Tambayoyin da tarihin Nijar ya bari

Ba a ce masana Nijar sun yi shiru ba. André Salifou ya rubuta tarihin rayuwar Diori Hamani. Kimba Idrissa ya jagoranci littafin da ya fito a 2008 kan soja da siyasa a Nijar. Klaas van Walraven ya bi tsofaffin ƴan Sawaba gida gida, ya fitar da tarihin jam'iyyar a 2013. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO mai tara tarihin baka tun 1968, da LASDEL da aka kafa a 2001, duk a Yamai, kowace na riƙe da wani yanki na aikin. Abin da ya rage shi ne gida ɗaya da zai mai da kujerar kanta abin bincikensa na dindindin. Ga tambayoyi uku da irin wannan gida zai fara da su.

Ta farko, rabon iko. Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a Disamba 1992, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista. Da adawa ta ci zaɓen majalisa a Janairu 1995, Shugaba Mahamane Ousmane ya tsinci kansa da Hama Amadou a matsayin firaminista. Rigimar da ta biyo baya kan abubuwa ne da za a ɗauka ƙanana: wa ke tsara ajandar taron majalisar ministoci, wa ke da ta cewa a naɗin manyan ma'aikata, me za a yi idan shugaba ya ƙi kiran taro. Aiki ya tsaya, sai soja suka shigo ranar 27 ga Janairu 1996. Tun daga nan ƙasar ke kai da komowa: 1996 aka tattara iko a hannun shugaba, 1999 aka sake rabawa, 2009 aka sake tattarawa, 2010 aka sake rabawa. Kowane sauyi martani ne ga ciwon da ya gabace shi. Waɗanda suka rubuta kundayen nan, me suka yi niyya, me kuma suka hango ya kuskure musu? Da yawansu malaman jami'a ne da alƙalai, kuma ana iya tambayarsu.

Ta biyu, wa'adi. Kundin 1999 ya taƙaita shugabanci ga wa'adi biyu, ya kuma haramta taɓa wannan ƙa'ida. A 2009, lokacin tazarce, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce zaɓen raba gardamar da ake shiryawa ya saɓa wa doka. Shugaba Tandja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu, ya rusa kotun ranar 29 ga Yuni, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, soja suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Ranakun nan kowa ya san su. Abin da ba a rubuta sosai ba shi ne abin da ya gudana a cikin fada a waɗancan watanni: wa ya ba da shawarar a ci gaba, wa ya ce a tsaya, me ya sa ba a ji shi ba. Haka nan miƙa mulki na 2 ga Afrilu 2021 daga Mahamadou Issoufou zuwa Mohamed Bazoum, karo na farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar, da juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, duk suna jiran nazarin da zai tsaya kan hujja.

Ta uku, cimaka. Farin shekarun 1968 zuwa 1974 da ƙorafin da aka yi kan rabon taimako suna cikin dalilan da sojojin 15 ga Afrilu 1974 suka bayar na kifar da Diori. A 2005, jahar Maraɗi na cike da yara masu tamowa, shugaban ƙasa ya musanta cewa akwai yunwa. A 2010 gwamnatin Salou Djibo ta fito ta amsa cewa akwai matsalar abinci. A Nijar darajar shugaba da hatsi a ɗaure suke, kuma duk nazarin kujerar da bai fara daga rumbu ba ya bar rabin maganar.

4.0 Me ya sa Maraɗi

Mai tambaya zai ce fada tana Yamai, takardu suna Yamai, me ya kawo Maraɗi? Dalilai uku ne.

4.1 Gadon fadar Maraɗi da ta Tibiri

Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta sun kafa sabuwar fada a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa Tibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Fadojin biyu sun zo da tsarin da ya ɗaure sarki. M. G. Smith, a nazarinsa na 1967 kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, ya bayyana rukuni, wato manyan fada huɗu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki daga cikin ƴaƴan sarki, suna kuma da ikon tsige shi. Ƙaura ke riƙe da rundunar yaƙi, Galadima da harkokin fada da na gari. A Gobir akwai Tara, majalisar masu zaɓen sarki, ga kuma Inna, wadda ke da nata iko da tata fada, kamar yadda Iya take a Maraɗi.

Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Akwai bauta a cikinsa, talaka kuma ba shi da bakin zaɓe. Bayan rasuwar Ɗan Baskore a 1875 sarauta ta riƙa sauya hannu da sauri, har Ƙaura Hasau, shugaban yaƙi, ya fi sarakunan da yake yi wa aiki ƙarfi. Amma a nan ne amfaninsa yake ga mai nazari. Tambayar yadda za a hana mai mulki wuce iyaka, da tambayar abin da ke faruwa idan mai riƙe da makami ya fi mai riƙe da sanda ƙarfi, an yi su a wannan gari fiye da shekara 100 kafin a rubuta kundin 1992. Ɗalibin da ke Maraɗi na iya zuwa fadar Sultan na Katsinar Maraɗi da safe, ya je ta Sultan na Gobir a Tibiri da yamma, ya ji yadda masu riƙe da waɗannan sarautu suke fahimtar aikinsu a yau.

4.2 Fadamar Jiratawa

Ikon shugaba a gona ake auna shi, kuma Jiratawa wuri ne da ake iya aunawa. Filin noman rani na can an gyara shi ne a farkon shekarun 1980, a zamanin Kountché, cikin babban shirin raya karkara na Maraɗi, hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 ke ba shi kulawar fasaha, ƙungiyoyin manoma kuma ke tafiyar da shi. Ruwansa daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi da famfunan lantarki, ya bi magudanai zuwa ƙananan gonaki na zogale da albasa da tattasai da masara. Manomi na biyan kuɗin ruwa bayan girbi, da shi ake biyan kuɗin wuta da gyaran famfo. Idan wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, shuka ta fara yaushi cikin ƴan kwanaki.

Duk babban shirin da ya fito daga fadar shugaban ƙasa yana da fuskar da ya nuna a irin wannan wuri. Kountché ya gina tsarinsa na raya ƙasa a kan samariya da ƙungiyoyin manoma. Tandja, wanda ya taɓa zama perefen Maraɗi a ƙarshen shekarun 1970, ya kawo shiri na musamman na shugaban ƙasa, na ajujuwa da ƙananan gidajen likita da madatsun ruwa, da kuɗin yafiyar bashi. Issoufou ya kawo shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, ya kuma ajiye ofishinsa a ƙarƙashin fada kai tsaye. Shugabanni uku masu halaye daban, amma dukansu sun zaɓi su riƙe aikin karkara kusa da kansu maimakon su bar wa ma'aikatu. Me ya sa? Me wannan ya ƙara, me ya rage? Wane gini ne ya ci gaba da aiki bayan mai shi ya sauka? Tsohon sakataren ƙungiyar manoma a Jiratawa, da littafinsa na bashin taki da kuɗin ruwa, yana riƙe da wani ɓangare na amsar da babu shi a kowace ma'adana ta Yamai.

4.3 Iyaka

Maraɗi na cin abinci da shawarar fadoji biyu, ta Nijar da ta Najeriya. Rufe iyakar da Najeriya ta yi a 1984 ya haɗu da fari, har mutanen nan suka raɗa wa yunwar shekarar sunan Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Takunkumin CEDEAO na Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024 ya tsai da hanyar Ɗan Isa da Jibiya, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali layin da ke ciyar da Maraɗi daga Katsina yake zuwa ta Gazawa. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Alhazan birni, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, sun daɗe suna hulɗa da masu mulki na ƙasashen biyu. Cibiyar da ke nan za ta iya aiki da masanan Katsina da Kano da Zariya da harshe ɗaya, a kwatanta kujeru biyu da idon mutanen da shawarwarinsu ke faɗawa a kai.

5.0 Yadda cibiyar za ta kasance

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta fi ƙarfi a aikin gona da kimiyya da lafiya. Wannan ba cikas ba ne, domin masanin ƙasa da ruwa ne zai iya cewa ko madatsar da aka gina ta yi amfani. Abin da take buƙata shi ne haɗin gwiwa da masana tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da masana shari'a na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da na Yamai.

Aikin farko shi ne naɗar murya, kuma shi ne mafi gaggawa. Tsohon shugaba Ali Saibou ya rasu a 2011, Tandja a 2020, André Salifou da ya shugabanci Babban Taron Ƙasa a 2022, Hama Amadou a 2024. Kowannensu ya tafi da abin da shi kaɗai ya sani. Kada kuma a tsaya ga manya: direba, mai tafinta, sakatariya, sarkin samari, tsohuwar shugabar ƙungiyar mata, duk sun ga kujerar daga kusurwar da minista bai gani ba. A yi hirar da harshen da mutum ya fi sakewa da shi, a rubuta ta da Hausa da Faransanci. Dokar ƙasa ta 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka sakamakon bincike ya kamata ya fito da ita, a kuma karanta shi a rediyo.

Aiki na biyu shi ne tara jawabai da dokokin da shugabanni suka sa wa hannu tun 1960, daga jaridar gwamnati da jaridar Le Sahel da faya-fayan Muryar Sahel, a mai da su cikin kwamfuta yadda ɗalibi zai iya nema da wayarsa. Na uku shi ne nazarin ƙasa na dogon lokaci a Jiratawa da Tibiri da unguwannin Maraɗi. Na huɗu shi ne shawara ga masu tsara doka, cewa takardun fada dukiyar ƙasa ce, da wa'adin da za a buɗe su.

Haɗarin da ke gaba ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar na iya zama gidan kirari, ko gidan ramuwar gayya. Kariya ita ce ƙa'idoji da za a rubuta tun ranar farko: kada a sa mata sunan wani shugaba, kada ta karɓi kuɗi daga jam'iyya ko daga mai neman muƙami, majalisar malaman jami'a ce za ta naɗa daraktanta, kuma ba za ta buɗe binciken wani zamani ba sai bayan ya wuce. Mai ba da shaida shi zai yanke lokacin da za a saki muryarsa, ko da bayan ransa ne, a kuma ajiye kwafin kowace hira a wuri fiye da ɗaya. Batun kuɗi kuwa bai kai yadda ake tsoro ba. Na'urar naɗar murya, ɗaki mai makulli, da ɗalibai masu neman digiri na biyu sun isa a fara.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa rikice-rikicen shugabanci a Nijar suna komawa ga tambayoyi kaɗan da ke maimaita kansu: rabon iko, wa'adi, dangantaka da soja, da cimakar jama'a. Ta nuna cewa akwai hanyar nazari da aka gwada a wasu jami'o'i, kuma Maraɗi na da abin da za ta ƙara a kai, wato tsohon tsarin rukuni da Tara, da gonakin da ake ganin sakamakon umarni a cikinsu, da iyakar da ke sa a kwatanta. Shawarar da ake miƙawa ita ce a kafa ƙaramin kwamiti na jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ya rubuta ƙa'idojin amana, ya fitar da jerin dattawan da suka yi aiki a zamanin Diori da Kountché, a fara da waɗanda suka fi tsufa. Duk wanda za a ba aikin rubuta kundin tsarin mulki na gaba ya cancanci ya tarar da shaidar waɗanda suka riga shi a rubuce, kuma samar da ita aikinmu ne, mu malaman jami'a.